BAZARA A YAMMACIN ZAMFARA: Kwalliyar fim, shan iska a bakin gulbi da kakar mangwaro

DA zarar sanyin hunturu ya ɗaga a ƙarshen Fabrairu, mutanen Anka da Bukkuyum da Gummi sun san baƙon da ke tafe. Bazara ce. Daga Maris har zuwa faɗuwar ruwan farko a wajejen ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, rana kan buɗe da dukkan ƙarfin ta. A watan Afrilu ma'aunin zafi kan haura digiri 40, kwanon ɗaki ya koma kamar tanda, kowa ya jawo tabarmar sa zuwa tsakar gida. To amma duk da wannan ƙuna, lokacin ne na bukukuwa. An gama kaka, an sayar da amfanin gona, aikin damina bai kankama ba, don haka masu aurar da 'ya'ya ke hanzarta kai amare kafin ruwa ya sauka.

Mai karatu zai ce, to ina ruwan mujallar fim da zafin Zamfara? Ruwan mu da tsaki. Akasarin ɗinkin da za a sa a waɗannan bukukuwa, daga jikin jaruman finafinan mu aka kwafo shi. Je ka shagon tela a Gummi ana saura mako biyu biki, za ka tarar da 'yan mata su na miƙa masa waya su na cewa, "Irin wanga na ke so." Shi ya sa mu ka ga ya dace mu duba abin da ake sawa, inda ake zuwa shan iska, da abin da ake ci a wannan yanki idan bazara ta kama.

DAGA KASET ZUWA SHAGON TELA

Tun da ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da 'Turmin Danya' a 1990, fim ɗin Hausa ya zama madubin masu son ado. Abin ya ƙara ƙarfi a wajejen shekarar 2000, zamanin 'Sangaya' da 'Wasila', lokacin da kaset ke tasowa daga Kano ya sauka Gusau, daga nan ya bazu har ƙauyuka. Ɗaurin ɗankwalin da Fati Muhammad ta yi yau, gobe shi ne a kan 'yan mata. Kaftanin da Ali Nuhu ya sa, jibi samari sun kai wa tela. Yanzu kaset ya kau, faifan CD ma ya bi shi, sai YouTube da tashar Arewa24 da masu tura fim a waya a bakin kasuwa. Shirye-shirye masu dogon zango irin su 'Labarina' da 'Izzar So' su ne ke raba yayi. Kwaikwayon dai bai canza ba.

Abin da ya canza shi ne lokacin da ake sa kayan. A shekarar 2000 da 2001, ƙaramar Sallah a watan Disamba ta faɗo, tsakiyar sanyi. Mace ta sa leshi mai nauyi da gwaggwaro, namiji ya zuba shadda mai sitati har da babbar riga, ba wanda ya ji a jikin sa. Amma a 2023 an yi ƙaramar Sallah ran 21 ga Afrilu, a 2024 ran 10 ga Afrilu, a 2025 kuma ran 30 ga Maris. Duk a cikin tsananin zafi. Kuma da ya ke kowace shekara watan Musulunci na matsowa da kwana 10 ko 11, babbar Sallah da aka yi ran 6 ga Yuni a 2025 ita ce yanzu ta nufo Mayu da Afrilu. Ke nan akwai sauran shekaru a gaba da za a riƙa zuwa Idi cikin gumi.

Akwai wani abu da mai kallo ba ya gani a fim. Jarumar da ki ka gani cikin leshi mai duwatsu, fuska fes ba ɗigon zufa, a falo mai na'urar sanyaya ɗaki aka ɗauke ta, janareto na ruri a waje. Da darakta ya ce a tsaya, mai kwalliya zai matso da hoda ya gyara mata fuska, wani ya miƙo ruwan sanyi. Minti uku ake ɗauka a huta. Ke kuwa da za ki taka daga wannan unguwa zuwa waccan a Nasarawar Burkullu da ƙarfe biyun rana, ki zauna a ɗakin amarya da mata ashirin ba fanka, lissafin ki daban ne.

AUDUGA KO ROBA?

Sirrin suturar bazara a zare ya ke. Yadin auduga ya na shan gumi ya bar iska ta ratsa, gumin ya bushe, jiki ya yi sanyi. Yadin roba kuwa riƙe zufa ya ke yi a jikin fata, daga nan sai ƙuraje da ƙaiƙayi da warin jiki. Matsalar ita ce yawancin atamfa da mayafai masu araha da ake saro wa daga Kantin Kwari a Kano, 'yan Chana ne, kuma da yawan su roba ce zalla ko gauraye, ko da zanen su ya yi kama da na holan.

Gane su ba wuya. Ki zare ɗan zare daga bakin yadin ki kusanta shi da ashana. In auduga ce zai ci da wuta ya bar toka mai laushi, warin sa kamar na takarda. In roba ce zai narke ya dunƙule ya zama ɗan ƙwallo mai tauri. Sannan ki lura da shafin da tela zai sa a ciki. Sau da yawa atamfar ta auduga ce mai kyau, amma sai a yi mata shafi da roba, an kashe maciji ba a sare kan sa ba ke nan.

Wajen ɗinki kuwa, bubu da doguwar riga mai faɗin hannu sun fi matsattsen siket da riga sauƙi nesa ba kusa ba. A nan addini da lafiya sun haɗu a wuri ɗaya. Jihar Zamfara ce ta fara aiki da shari'ar Musulunci a farkon shekarar 2000, kuma suturar da malamai ke kira a sa, wato mai yalwa wadda ba ta kama jiki, ita ce dai wadda likita zai ba ki shawara a lokacin zafi. Sai dai a zaɓi hijabi marar kauri mai haske, domin baƙi da sauran launuka masu duhu sun fi zuƙar zafin rana.

Ga maza, boyel da farin yadi marar nauyi da 'yar shara su ne abokan rana. Gezna mai ƙyalli a ajiye ta sai bayan la'asar. Kuma don Allah samari a daina raina malfa. Manomi da makiyayi da su ka riƙe ta sun fi ɗan gaye mai gilashi sanin rana.

Abin takaicin shi ne Zamfara ƙasar auduga ce tun kaka da kakanni. Gusau ta yi masaƙa ta kan ta, kamar yadda Kaduna ta yi manyan masaƙu, amma duk sun daɗe da durƙushewa. Yau jikar manomin auduga ce ke fama da rigar roba daga wata nahiya.

BILICIN DA TOZALI

Ba za a yi zancen kwalliya a bar man bilicin ba, kuma mu faɗi gaskiya, industiri na da hannu a yaɗuwar sa. Da yawan 'yan mata sun ɗauka sai fara ce ke zama jaruma. Hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi kan mayukan da ke ɗauke da sinadarai masu cutarwa irin su makuri, waɗanda kan taɓa ƙoda. Sannan launin fatar da ake ƙoƙarin kankarewa, shi ne garkuwar da Allah ya yi wa jiki daga rana. Wadda ta kankare shi ta shiga ranar Afrilu, sai ƙuna a kumatu da baƙin tabo a gaɓoɓi. Kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Man kaɗanya da ake samu a kasuwannin yankin ya ishi fata.

Sai tozali, ko kwalli. Wanda ake niƙawa daga dutse mai ƙyalli, akasarin sa dalma ce a ciki. Idan akwai inda ba a buƙatar dogon bayani kan dalma a Nijeriya, to nan ne. A 2010 ne aka gano cewa gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje na kashe yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da Bagega da 'Yargalma. Fiye da yara 400 su ka rasu, dubbai kuma su ka sha magani a hannun likitocin ƙungiyar MSF. Sai da aka kwashe ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa. Aikin Bagega ma sai a 2013 aka yi shi. Dalma ta fi yi wa ƙananan yara illa, ta kan taɓa ƙwaƙwalwa, kuma illar ba ta cika gyaruwa ba. Don haka uwar da ke rangaɗa wa jariri kwalli ranar suna, ta yi tunani. Haka kuma tunda Gwamnatin Tarayya ta ɗage haramcin haƙar ma'adinai a Zamfara a Disamba 2024, bayan ta sa shi a 2019, sai a ƙara kula: kada a daka dutse a turmin hatsi, kada a shigo gida da kayan aikin haƙa, musamman a bazara da ƙura ke tashi.

TEKUN MU GULBI NE

Masu kallon finafinan Indiya sun saba ganin saurayi da budurwa su na tsere a bakin teku. Da 'yan fim ɗin mu su ka tashi yin nasu, ba teku a Kano, sai su ka nufi madatsun ruwa irin su Tiga da lambuna, nan aka yi rawa da waƙa ba adadi. Mutumin Gummi shi ma ba shi da teku. Kafin ya ga na Legas sai ya kwana ya wuni a mota. Amma ya na da Gulbin Zamfara, wanda ya ratso ƙasar Anka ya bi ta Gummi ya nufi Jega a Jihar Kebbi, kafin ya haɗu da Gulbin Sakkwato. Daga kudu kuma ga Gulbin Ka.

A bazara ruwan kan ja baya ya bar farin yashi shimfiɗe, da gurabe nan da can. Da la'asar sakaliya bakin gulbi ya fi ko'ina daɗi. Mata na wanki, yara na wasa a yashi, makiyaya sun kawo shanu shan ruwa, masu lambu na ban-ruwan albasa da tumatur da rake a fadama. Lokacin ne kuma na su, domin kifi ya taru a sauran ruwan da ya rage, masunta su shiga da koma da gora. Wanda ya ga haka zai gane inda bikin kamun kifi na Argungu ya samo asali, bikin da aka faro a 1934, wanda hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya abin adanawa a 2016. Duk darakta mai ido, in ya tsaya nan rana na faɗuwa, zai ga hoton da ba ya buƙatar ado.

Sai dai ruwa ba abokin wasa ba ne. Na farko, ruwan da ya tsaya wuri ɗaya shi ne gidan dodon koɗin da ke ɗauke da ƙwayar cutar tsargiya. Yaron da ke wanka a ciki kullum, in aka ga jini a fitsarin sa, ba alamar balaga ba ce kamar yadda wasu ke cewa. Cuta ce, kuma ta na da magani a asibiti. Na biyu, yashi na ruɗi: ka na tafiya ruwa iya gwiwa, taku ɗaya sai ka faɗa gurbi mai zurfi. Baƙo ya tambayi masunta kafin ya tsoma ƙafa. Na uku shi ne kwalekwale idan ruwa ya dawo. Ba a manta da watan Satumba na 2024 ba, lokacin da jirgin ruwa ɗauke da manoma ya kife a Gummi, fiye da mutum 40 su ka rasu, makonni kaɗan bayan ambaliya ta ci gidaje a garin. Allah ya jiƙan su. Lodin da ya wuce ƙima da rashin rigar kariya daga nutsewa su ne ke maimaita irin wannan a kogunan Arewa. Bazara, da ruwa ya yi ƙasa, ita ce lokacin gyaran jirage da tanadin rigunan. Ba a fafe gora ranar tafiya.

HANYA SAI DA TAMBAYA

Da can, 'yan biki kan cika mota daga Gusau, su biyo ta Mayanci su shiga Anka, su wuce Ɗaki Takwas su sauka Gummi, ana tafi ana guɗa. Shekarun ta'addancin 'yan bindiga sun rage wannan armashi. A watan Satumba 2021 har layukan waya aka rufe a jihar baki ɗaya, aka dakatar da kasuwannin mako na wani lokaci. A Janairu 2022 an kai munanan hare-hare a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, aka rasa rayuka masu yawa, dubbai su ka bar gidajen su. Garin Anka ya karɓi 'yan gudun hijira da dama.

Saboda haka duk mai niyyar zuwa biki ko ziyara, ya tuntuɓi 'yan'uwan sa na can da direbobin tasha kafin ya tashi, domin su ne su ka san halin da hanya ke ciki a ranar. A yi sammako, a sauka da rana tsaka, kada a yi tafiyar dare. Shan iska a bakin gulbi kuma a tsaya inda jama'a su ke, kusa da gari. Wannan ƙasa ce mai tarihi, ƙasar Sarkin Zamfaran Anka da Sarkin Mafaran Gummi da Sarkin Dankon Bukkuyum, mahaifar Sheikh Abubakar Mahmud Gumi. Ta cancanci a riƙa jin sunan ta a wani labarin da ba na kuka ba.

ABIN TAƁAWA

In bazara ta zo da wuta, ta kan zo da abin kashe ta. Sarkin lokacin shi ne mangwaro. Daga Maris zuwa Mayu za ka gan shi tuli-tuli a bakin hanya, daga ɗan ƙarami mai zare har zuwa manyan aure. Ga kankana daga fadama, ga yazawa, ga goruba da aduwa da tsamiya da aka tara tun rani. Ɗorawa ma a lokacin ta ke nuna, yara su sha garin ta baki ya yi rawaya, iyaye mata su ajiye kalwa don daddawa. Da ruwan farko ya sauka kuma sai kaɗanya ta karɓi fage.

Wajen mangwaro a kula da wanda aka nuka da sinadarin kabaid, irin na masu walda. NAFDAC ta yi gargaɗi a kan sa. Alamar sa ita ce bawo ya yi rawaya amma ciki da tauri da tsami, ba ƙamshi. A wanke kowane ɗan itace da ruwa mai tsabta, a guji wanda aka yanka aka bari a buɗe ƙudaje na bi.

Abin sha kuwa, Bazamfare zai ce maka ba kamar hura. Fura da nono mai sanyi da tsakar rana ta fi kowane lemon kwalba, domin ta kashe ƙishirwa ta kuma riƙe ciki. Sai dai nono kan yi wuya a bazara saboda ciyawa ta ƙare, shanu sun yi nisa, ga kuma satar shanu da ta ɗaiɗaita rugage, shi ya sa wasu ke haɗawa da madarar gari. Akwai kunun zaƙi, kunun aya, zoɓo, ruwan tsamiya da farau-farau. Da yamma ga hoce na dawa, wanda mutanen wannan yanki su ka yi suna a kan sa, ga kwaɗon zogale da ƙuli, ga tuwon dawa da miyar sure, ga kuma gasasshen kifin gulbi.

Ina za a sami sanyi ba wutar lantarki? Randa da tulu sun riga firij zuwa. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin yumɓu ya na bushewa, shi ke janye zafin na ciki. Da wannan hikima ce wani malami daga Jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya: a sa ƙarama cikin babba, a cika tsakanin su da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Tumatur da ganye sai su yi kwanaki ba su lalace ba. Har lambar yabo ta kamfanin Rolex ya samu a kan haka a shekarar 2000.

Ƙanƙarar da ake sayowa a jefa cikin zoɓo ita ce abin tsoro, domin ba ka san ruwan da aka yi ta da shi ba, kuma amai da gudawa ta ruwa ta ke shigowa. In yaro ya kamu, a haɗa masa ruwan gishiri da sukari nan take: lita 1 ta tafasasshen ruwa da ya huce, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, sannan a garzaya asibiti. Haka nan bazara lokacin sanƙarau ne. Annobar 2017, wadda ta faro daga Zamfara, ta kashe fiye da mutum 1,000 a faɗin ƙasar nan. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya ba na jira ba ne. A rage cunkoso a ɗaki, a buɗe tagogi, kuma in an zo rigakafi a fito da yara. A 2024 Nijeriya ce ƙasar farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar da ke kare mutum daga nau'i 5 na ƙwayar cutar.

SAƘO GA 'YAN FIM

Furodusoshi da daraktoci da masu kula da sutura, ƙwallo na wajen ku. Kun ga dai yadda ɗinkin da jaruma ta sa a fitowa ɗaya ke zagaye shagunan teloli daga Kano har Gummi cikin wata guda. Wannan ƙarfi ne da ko gwamnati ba ta da shi. Me zai hana a ga tauraruwa baƙa, da launin ta na asali, cikin bubun atamfar auduga, ta na dama fura a inuwar mangwaro, kuma ita ce wadda jarumin ke mutuwar so? Me zai hana a ga jarumi ya sa rigar kariya kafin ya shiga kwalekwale, ko uwa a cikin shiri ta hana a sa wa jaririn ta kwallin dutse? Ba sai an tsaya wa'azi ba. Masu kallo na lura da komai, har launin takalmi.

Marubuta kuma su sani akwai labarai a yammacin Zamfara da ba a taɓa ba: na masunta da manoman fadama, na matan da su ka riƙe gidaje a gudun hijira, na yaran Bagega da su ka tsira, waɗanda yanzu sun zama samari da 'yan mata. Mutanen nan sun daɗe su na sayen finafinan ku, tun zamanin kaset har zuwa na waya. Ranar da hanya ta yi lafiya, ya kamata a ga motar 'yan fim ta yi lokeshin a bakin Gulbin Zamfara. Allah ya kawo mana zaman lafiya, ya sa mu ga damina mai albarka, amin.